Kwanson da Muka Wanke

  

Da aka ce kowane aji ya kawo abin da za a sa a ɗan littafin nan na bana, mu huɗu muka zauna a gindin dalbejiyar bayan makaranta muna gardama, ko mu faɗi abin da ya same mu a hutun bara, ko mu bar shi a cikinmu. Wasunku sun riga sun ji ƙishin-ƙishin, har akwai masu tsokanarmu da "'yan tsamiya". To, yau ga labarin daga bakinmu, yadda ya faru. Ba mu kawo sunan kowa ba, domin Malam ya ce darasin ake so, ba tonon asiri ba.

A unguwarmu nan Kaele akwai wani tsoho maharbi, kowa Baba yake ce masa. Da ƙuruciyarsa ya yi yawon daji sosai, amma mu da muka taso mun same shi ne yana gadin gonakin masakwa a hanyar Lara, yana korar tsuntsaye, jefi-jefi ya dawo gida da zabo ko makwarwa. Yana da bindiga mai baki biyu, irin wadda ake ce wa kalibar 12. Ya gaje ta daga mahaifinsa tare da wasu kwansuna talatin da biyu, waɗanda ya ce suna gidansu tun zamanin Faransawa, kafin Kamaru ta sami 'yancin kai a 1960.

Ga wanda bai sani ba, kwanso shi ne gidan harsashi. A cikinsa albarushi yake zama tare da dalmar da ke fita in an harba. Da an harba, albarushi ya ƙone, dalma ta tafi, sai kwanso ya rage fanko. Harsashin irin wannan bindiga da ake sayarwa yanzu jikinsa roba ne, gindinsa kaɗai ne ƙarfe, shi ya sa za ka ga an yar da shi a daji. Na Baba kuwa tagulla ne zalla daga baki har gindi. In ya harba ba ya yarwa, aljihu yake sawa, ya kawo gida a wanke, ya sake cikawa. Ya ce sabon harsashi da tsada, kuma sai an je babban gari da takarda.

Da tsufa ya kama shi, ido ya rage gani, yatsu suka fara rawa, sai ya roƙi iyayenmu mu riƙa zuwa ranar Alhamis, tun da babu karatu, muna wanke masa. Ladanmu sefa 500 mu raba, in an yi sa'a da cinyar zabo. Abu ɗaya ya kafa mana tun ranar farko. Ya ce, "Samari, wanki naku ne, cikawa nawa ne. Ranar da na shiga ɗaki na rufe ƙofa, kada wanda ya leƙo." Har muka rabu da aikin ba wanda ya taɓa ganin yadda yake yi, kuma ba mu nema ba.

Wankin kansa yana da tsari. Da farko a ƙidaya. Sai a ɗauki kowane ɗaya a girgiza, a ɗaga wa rana a leƙa ciki a tabbatar babu komai. Sai a jiƙa tsamiya a ruwan ɗumi, a tace, a zuba kwansunan ciki. In babu tsamiya, lemon tsami yana yi. Ba a barinsu su daɗe, kamar tsawon shan shayi zagaye ɗaya ne. Daga nan sai tsumma da 'yar toka mai laushi, a goge waje, a naɗe tsumma a kara a goge ciki har baƙin albarushi ya daina fita. A ɗauraye da ruwa mai kyau sau uku, a kifa su a faifai bakinsu ƙasa, a shanya a rana har su bushe ƙarau. Ƙarshen aiki shi ne dubawa. Baba yakan mirgina kowane kwanso a kan faranti yana saurare, mu kuma masu ido muna neman tsaga, ko da siririya ce kamar gashi. Wanda ya tsage a ware shi, domin a cewarsa kwanso mai tsaga a fuskar mai shi yake fashewa. Kuma ba ya barin mu taɓa abinci sai mun wanke hannu da sabulu, saboda dalma guba ce ko da ba ta huda jiki ba.

Mun ji daɗin aikin, ba ƙarya. Abu ne da za ka ɗauko baƙi ƙirin, da kore-kore a jikinsa, ka ajiye shi yana ƙyalli kamar zinariya. Har mukan yi raha mu ce wannan ruwan tsamiyar dai, bisa abin da muka karanta a babin tsarki, ba ya alwala, tun da launinsa da ɗanɗanonsa duk sun canja.

Akwai dokokin Baba biyu da muka ɗauka camfi ne na tsofaffi. Ta farko, kada kwanso ya kwana a tsamiya. Ta biyu, kada a ajiye shi kusa da garken awaki. Wanda ya warware mana su shi ne yayan ɗayanmu, wanda ya yi karatu a makarantar koyon kula da namun daji ta Garwa, wadda aka buɗe a 1970. Ya ce tagullar kwanso haɗin ƙarfe biyu ce, wajen kashi 70 cikin 100 jan ƙarfe, kashi 30 kuma zinki, farin ƙarfen nan da ake shafa wa kwanon rufi. Tsamin tsamiya yana cinye dattin da ke sama, amma in ya daɗe sai ya shiga cin zinkin, kwanso ya koma ja-ja, ƙarfinsa ya ragu. Maganar garke kuwa, ya ce sojojin Ingila sun gamu da ita a Indiya. Da damina sukan adana harsasai a bargar dawaki, in an zo ɗauka sai a tarar kwansuna sun tsattsage ba wanda ya taɓa su. Sai a 1921 aka gano cewa iskar amoniya da ke tashi daga fitsarin dawaki ce ke tsaga tagullar. Da muka kai wa Baba wannan labari sai ya yi dariya, ya ce shi babansa bai je Indiya ba, amma ya faɗa masa.

A haka muke har hutun da aka ba mu kafin azumi. Rani ya yi, an gama yankan masakwa, mayo ya ƙafe sai an tona yashi ake samun ruwa. Ranar kasuwa muna tsaye wajen masu gyaran babur, sai wani mutum ya kira mu gefe. Ba yaro ba ne, ba kuma tsoho ba, kayansa tsaf, yana Hausa yana Fulatanci kamar kowa a nan. Ya ce, "Ƙannena, ku ne yaran da aka ce kun iya fito da hasken tagulla?" Muka ce mu ne, har muna jin kanmu. Ya ce shi ɗan gwangwan ne, yana sayen tsofaffin ƙarafa yana kaiwa Garwa, kuma yana da kayan da yake so a wanke. Ya buɗe wani rabin buhun siminti da ke ɗaure a bayan babur ɗinsa. Kwansuna ne, amma ba irin na Baba ba. Waɗannan sirara ne, masu wuya kamar ƙaramar kwalba.

Ya ce kowane ɗaya sefa 25. Muka yi lissafi a zuci: ɗari biyu sefa 5,000 ke nan, ladan Alhamis goma a wurin Baba. Ya ku 'yan uwa, kun san halin da ake ciki gab da azumi. Babbanmu yana son ya sayi Risala tasa ta kansa, ya gaji da aro. Ɗayanmu mahaifiyarsa na kwance, an rubuta magani ba a saya ba. Sauran biyun kuwa, gaskiya, yadin Sallah ne a ransu. Muka karɓi buhu. Zai tafi sai ya juyo ya ce, "Amma kada ku faɗa wa tsohon nan, kada ya ce na ƙwace masa yara." Muka ce ba komai.

A cikin mayo muka yi aikin, can nesa da masu ɗiban ruwa, kwana biyu. Muka bi tsarin Baba tiryan-tiryan, har da ɗauraya uku da kifawa a faifai. Ranar da mutumin ya dawo, ya zauna a kan yashi ya bi su ɗaya bayan ɗaya. Ya fito da ɗan maganaɗisu daga aljihu. Wanda ya manne ya jefar gefe, ya ce wannan baƙin ƙarfe ne aka shafa wa launi. Wanda ya lotsa ko bakinsa ya karkace, shi ma ya jefar. Ya ƙidaya masu kyau ɗari biyu cif, ya ba mu kuɗinmu, kowa ya tashi da sefa 1,250. Sannan ya sauke wani buhun da ya fi na farko nauyi, ya ba mu kafin alƙalami sefa 3,000, ya ce zai dawo bayan mako guda.

A nan ne ya kamata mu faɗi gaskiya a kan kanmu. Mun ga yadda yake zaɓe. Mun san 'yan gwangwan, suna wucewa ta ƙofar gidajenmu kullum da sikelinsu. Wani abu ya ɗarsu a zukatanmu, amma ba wanda ya furta, domin kuɗin yana aljihu kuma yana da ɗumi.

Buhu na biyu ya zo da laka busasshiya a jikin kayan, alamar daga ƙasa aka tsinto su. Muka hura wuta a gefe muna ɗumama ruwan tsamiya. Ƙaraminmu ya ɗauko wani da laka ta rufe shi ruf, ya ce wannan ya toshe, ya ɗaga zai buga a kan dutse don lakar ta fita. Allah Ya sa babbanmu na kusa, ya ga tsinin kan ya leƙo ta cikin lakar, ya cafke hannunsa. Da muka zuba ruwa a hankali, sai ga harsashi cikakke, ba a harba shi ba. Dokar Baba ta farko, wato a girgiza a leƙa kafin komai, ita muka tsallake saboda sauri. Ga dutse, ga wuta taku biyu daga inda muke. Muka zauna shiru, ƙaraminmu sai rawar jiki yake. Ba wanda ya ce mu je wurin Baba, kawai dai muka ga ƙafafunmu sun nufi can, da buhun a kan babbanmu, harsashin kuma a cikin ƙwarya an rufe da yashi.

Baba yana kan tabarma a zaure. Ya karɓi ƙwaryar ya shafa abin da yatsa, ya ajiye can nesa da murhu. Ya sa hannu a buhu ya damƙo kwansuna ya juya su a tafinsa. Ya daɗe bai ce komai ba, har muka gwammace ya zage mu.

Can ya ce, "Wa ya ba ku?"

Muka faɗa masa duka, har da maganar kada a gaya wa tsoho.

Ya ce, "'Ya'yana, ɗan gwangwan da kuka sani, da ƙidaya yake saye ko da kilo?"

Muka ce, "Da kilo, Baba."

"Ya taɓa ce wa uwayenku su wanke tsohuwar tukunya kafin ya auna?"

"A'a, Baba."

"In tukunya ta lotsa, yakan ce ba ya so?"

"A'a."

"To, wanda zai narka abu ina ruwansa da ƙyalli? Ni me ya sa nake sa ku wanki?"

Muka ce don ya sake cikawa.

Ya ce, "Kun ba kanku amsa. Kwanson da aka wanke aka zaɓa, bindiga zai koma. Kuma wannan ba na zabo ba ne. Wanda ya harbi zabo da wannan, gashi kawai zai tsinta. Wannan na mutum ne, ko na giwa."

Wallahi sai muka ji kamar an kwara mana ruwan randa. Ɗayanmu ya ce, "Baba, ai akwai ɗari biyu da muka riga muka ba shi." Baba ya dube shi ya ce, "Na ji tun ɗazu."

A daren nan yayan namu na Garwa ya zo, ya haska gindin kwansunan da tocila ya nuna mana lambobi da haruffan da aka buga a jiki. Ya ce galibi waɗannan suna nuna masana'antar da ta ƙera da shekarar da aka yi, kuma masu bincike da su suke bin sawun inda makamai suka fito. Saboda haka kwanson da ke kwance a inda aka yi ɓarna shaida ne, wanda ya kwashe ya ɓatar da shaida. Ya tuna mana abin da ya faru a gandun dajin Buba Njidda a farkon 2012, lokacin ba mu yi wayo ba, inda mahaya dawakai ɗauke da bindigogin yaƙi suka ƙetaro iyaka suka kashe ɗaruruwan giwaye saboda haure. Sauran kuwa ba sai ya tuna mana ba. Tun 2014 muke jin sunayen Kolofata da Fotokol da Amcide a rediyo, an kai hari Marwa a 2015, kuma ba wanda bai san labarin masu tare hanya da masu sace makiyaya don kuɗin fansa ba. Kaele tana kusa da iyakar Cadi, hanyoyin daji suna da yawa. Ya ce duk mai riƙe da irin wannan bindiga a ɓoye, babbar damuwarsa harsashi ne, domin bindiga takan yi shekaru, harsashi kuwa sau ɗaya ake harba shi. Ya kuma gaya mana cewa akwai dokar makamai da harsasai ta ranar 14 ga Disamba 2016, wadda ta sa mallakarsu da ƙera su da cinikinsu duk sai da izinin hukuma. Da a ce an tare mu a hanya da wannan buhu, da ba mu da bakin magana.

Da safe Baba ya sa babbar rigarsa, ya ce mu ɗauko buhu. Muka je wurin mai unguwa tare da iyayenmu maza, shi kuma ya sanar da jandarma. Suka zo suka tafi da kayan, suka tambaye mu kamannin mutumin da babur ɗinsa, muka faɗi abin da muka gani. Ranar da ya ce zai dawo ta zo ta wuce, bai dawo ba. Har yau ba mu sake ganinsa ba, ko a kasuwar Kaele ko a ta Dumru.

Abin da ya fi zuwa wurin mai unguwa wuya shi ne zuwa gaban Malam. Bayan la'asar muka same shi, muka gaishe shi muka durƙusa. Babbanmu ya ce, "Allah gafarta Malam, muna da mas'ala, kuma mu ne a cikinta." Ya saurare mu har ƙarshe. Sai ɗayanmu ya yi ƙarfin hali ya ce, "Allah gafarta Malam, mu fa wanki kawai muka yi. Ba mu cika ba, ba mu harba ba."

Malam ya ce gaskiya ne, wanke tagulla a kan kansa ba laifi ba ne, kamar yadda wasa wuƙa ba laifi ba ne. Amma ya tambaye mu, in mutum ya zo wa mai wasa wuƙa yana huci, yana ambaton sunan maƙwabcinsa, ya ce a wasa masa, mai wasawa zai ce shi dai dutse kawai ya goga? Ya ce malaman mazhabarmu sun hana sayar da makami ga wanda ake kyautata zaton ɓarna zai yi da shi, kuma wannan yana cikin abin da suke kira toshe kafar da ke kaiwa ga ɓarna. Ya tuna mana aya ta biyu ta Suratul Ma'ida da ta hana taimakon juna a kan zunubi da ƙetare iyaka. Sannan ya ce, "Yarana, a buhun farko kuna iya cewa ba ku sani ba. Amma lokacin da ya ce kada ku faɗa wa tsoho, me zukatanku suka ce?" Ba wanda ya ɗaga kai. Ya ce duk aikin da sharaɗinsa na farko shi ne a ɓoye wa babba, to a tsaya a nan tukuna.

Kafin alƙalamin sefa 3,000 mun riga mun miƙa shi tare da buhu. Na farkon kuwa an kashe. Malam ya ce kowa ya tara kwatankwacinsa a hankali ya bayar sadaka, kada ya bar shi a cikin dukiyarsa. Da ya ji ɗayanmu maganin mahaifiyarsa ya saya, sai ya sa hannu a aljihu ya ce rabon wannan yana wuyansa. Babbanmu ya yi wata uku yana ɗiban ruwa a baro kafin ya cika nasa. Risalar tana nan a hannunsa, ya ce duk ranar da ya buɗe ta sai ya tuna.

Akwai tambayar da ta tsaya mana a wuya, ba mu iya yi wa Malam ba, sai Baba muka yi wa. Alhamis ta gaba muka je, ƙaraminmu ya ce, "Baba, kada ka yi fushi. Kai ma fa cikawa kake yi. Mu ne kuma masu wanke maka."

Bai yi fushi ba. Ya ce, "Nawa talatin da biyu ne, kun san adadinsu, kun san inda suke kwana, kun ci naman abin da suka kashe. Wannan shi ne bambancin." Ya yi shiru, sannan ya ce, "Amma mutumin nan bai je wurin yaran kowa ba, wurin yarana ya zo. Ni na koya muku abin da ya zo nema." Ya kuma gaya mana mai unguwa ya ja shi gefe ya ce takardar bindiga daban, cika harsashi a ɗaki daban, gara ya bari tun ana mutunci.

Ranar ba mu jiƙa tsamiya ba. Ya sa muka ɗauko guduma da turmin ƙarfe. Ya ware kwanso ɗaya ya sa a aljihu, ya ce wannan na tunawa da babansa ne. Sauran talatin da ɗaya muka bi su muka dake, kowanne ya koma fale-fale. Hannunmu ne ya yi wata da watanni yana lallaɓa su kada su lotsa, shi ne kuma ya lotsa su. Ba mu ji daɗi ba, shi ma mun san bai ji ba, don ya juya mana baya yana gyaran rediyon da ba abin da ya same shi. Aka kai wa maƙerin fari ya narka, ya yi wa jikokin Baba mata awarwaro. Yanzu gwangwani da majajjawa yake korar tsuntsaye da su, mukan je mu taya shi, yana ta mitar cewa tsuntsayen Lara sun raina shi.

Ɗari biyun nan kuwa sun tafi. Ba mu da hanyar dawo da su. Mun wanke su da kyau, mun ɗauraye sau uku, mun duba ba tsaga, wato mun yi wa mutumin aiki mai inganci. Duk ranar da muka ji a rediyo an tare mota, ko an shiga ruga da dare, mukan dubi juna a aji, ba mai cewa komai. Malam ya ce kada mu bar wannan ya hana mu karatu, wanda ya tuba ya gyara Allah Mai gafara ne. Mun yarda. Amma tunanin bai tafi ba, kuma wataƙila gara da bai tafi ba.

Saboda haka, ya 'yan uwa ɗalibai, musamman ƙannenmu na ƙananan azuzuwa da ke yawon tsintar ƙarafa don sayar wa 'yan gwangwan, ga abin da muka koya da tsada. In kun ga kwanso ko harsashi a daji ko a cikin mayo, kada ku ɗauka, kada ku buga da dutse, kada ku jefa a wuta don ku ji ƙara. Laka tana ɓoye mai rai a cikin matattu, mun gani da idonmu. Ku lura da wurin, ku gaya wa babba, shi ya san inda zai kai magana. In wani ya ba ku aikin wanke irin wannan kaya, ko zaɓe su, ko kai su wani wuri, ku tambayi kanku abin da Baba ya tambaye mu: mai narkawa ina ruwansa da ƙyalli? In kuma aka ce kada ku faɗa a gida, to ku faɗa a gida a ranar.

Ga iyayenmu kuma, muna roƙo da ladabi, in yaro ya shigo da kuɗin da ya fi ƙarfin aikinsa a tambaye shi. Mu kwana huɗu muka yi da sefa 1,250 a aljihu, kowannenmu yana jiran a tambaye shi, ba a tambaya ba.

Muna godiya ga Baba da ya rufa mana asiri ya tsaya a gabanmu wurin mai unguwa, da Malam da bai kore mu ba. Inda muka yi kuskure a rubutun nan malamai su gyara mana, mu masu koyo ne. Allah Ya zaunar da garinmu da ƙasarmu lafiya, Ya tsare hannuwanmu daga taimakon abin da ba mu sani ba, Ya ba mahaifiyar ɗan uwanmu cikakkiyar lafiya. Amin.

Wassalamu alaikum.

Daga 'yan uwanku huɗu na ajin ƙarshe.